Tawadar Allah da Tabon Tsoro: Tarihin Duban Fata a Ƙasarmu

Wannan jawabi ne da ya fita a filinmu na tarihi, muka sa shi a takarda domin wanda tafiya ta hana shi saurare, ko yana bayan shanu a saman Mambila, ko yana kan hanyar Tibati da kaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kai makiyayi, in aka jera maka shanu ɗari ka san kowace da launinta. Wadda aka haifa da ɗigon baƙi a goshi ba ta dame ka ba. Amma ranar da ka ga gashi ya mimmiƙe a gadon bayan wata, ɓawo ya soma taruwa, ka san kirci ne, ba ka jira ya cinye bayan. Kai kuma mai fataucin goro, juyi ɗaya kake yi ka raba wanda tabonsa ya tsaya a waje da wanda sankara ta shiga cikinsa. To, wannan ido da kake da shi a kan dabba da haja, kana da shi a kan fatar jikinka? Ka san tabon da za ka tsufa da shi lafiya, da wanda ya kamata ka kai wa likita tun yana ƙarami? Tambayar nan tsohuwa ce a ƙasarmu, kuma amsarta tana da tarihi.

Zamanin ido da yatsa

Tun Banyo tana zango a kan hanyar goro, fatake suna ɗauko shi daga tuddan kudu suna nufar Yola da Garwa har Kano, mutanenmu suna da sunayen abin da ke fitowa a fata. Akwai tawadar Allah, ɗigon nan baƙi da ake haihuwar mutum da shi ko ya fito masa tun yana yaro. Akwai kyasfi, wanda ke yin dabbare-dabbare a ƙirji da wuya lokacin zafi. Akwai makero mai zagaye kamar kwabo, da ƙazuwa mai ƙaiƙayin dare, da albaras mai mai da fata fara fat, da zanzanar da agana ke bari a fuska. Yawan sunayen kaɗai ya isa ya nuna maka cewa kakanninmu masu lura ne. Wanzami ne babban mai duba, don shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke ganin ƙeyar da mai ita bai taɓa gani ba. Unguwarzoma kuma ta san shuɗin tabon nan da ke gindin bayan jariri, ta san yakan dushe da kansa kafin yaro ya yi wayo.

Sai dai akwai tabo ɗaya da ya sa tsoro ya rufe sauran, wato na kuturta. Farkonta ɗan wuri ne da ya fi sauran jiki haske, ba ƙaiƙayi ba zafi. Ido kuwa yakan ruɗe tsakaninsa da kyasfi ko albaras. Ka san abin da zargin kuturta yake jawowa a da: a raba maka ƙwarya, a fasa aure, a daina musabaha da kai a kasuwa. Saboda haka mutane suka koyi ɓoyo. Wanda tabonsa ba komai ba ne ya yi ta zama cikin fargaba, wanda nasa ciwo ne ya rufe shi da riga har yatsu suka fara tafiya. Ɓoyon nan shi ne gadon da ya fi yi mana ɓarna, kuma har yau bai gama fita daga cikinmu ba.

Layin Turawa

Jamusawa sun iso Banyo a farkon 1902, zuwan da ya ci ran hafsansu Nolte, ya kuma ci ran Lamido Umaru. Mulkinsu bai daɗe ba. Garwa ta faɗi a watan Yuni na 1915, a watan Nuwamba kuma sojojin Ingila suka ci dutsen Banyo. Bayan yaƙi aka raba ƙasa, Banyo ta zauna hannun Faransa, Gashaka da Mambila suka koma hannun Ingila, daga bisani ƙuri'ar 1961 ta haɗa su da Najeriya. Iyakar da kake tsallakawa da shanunka yau, asalinta ke nan.

A zamanin Faransa ne duban jiki ya zama aikin hukuma. Wani likitan soja, Eugène Jamot, ya zo Kamaru a 1922, ya zauna a Ayos yana yaƙi da ciwon barci, ɗan'uwan sammoren da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Dabararsa ita ce kada a jira mara lafiya ya zo, a bi shi har ƙauyensa. Ayarin ma'aikata ya sauka, a sa mai gari ya tara kowa, a jera mutane layi. Ma'aikaci ya lalubi wuyanka, in ya ji kaluluwa a tsotso ruwanta da allura, a sa a madubin likita a nemi ƙwayar cuta. Dabarar ta ceci rayuka masu yawa, daga baya kuma aka faɗaɗa ta zuwa arewa, ayarin suna neman kuturta da agana da sauran manyan cututtuka.

Amma layin ya zo da nasa ciwon. Ba a tambayar yardar kowa. Dattijo ya tuɓe riga a gaban surukinsa, wanda aka samu da tabo kowa ya gani. A yankin Bafia, a ƙarshen shekarun 1920, an yi wa mutane allurar maganin ciwon barci fiye da ƙima, ɗaruruwa suka makance, abin da ya jawo aka sauke Jamot a 1931. Irin wannan labari yana tafiya fiye da ayari. In ka ji tsofaffi suna ƙyamar a duba jikinsu, kada ka ce duhun kai ne. Sun gaji labarin zamanin da dubawa take zuwa da dogari.

Yadda kuturta ta sauka daga gadonta

Wanda ya fara ganin ƙwayar kuturta a madubi likita ne ɗan ƙasar Norwe, Armauer Hansen, a birnin Bergen a 1873. Daga wannan ƙasa tasa ce 'yan mishan suka zo Ngaundere a 1925, kuma asibitin Ngaubela da ke kusa da Tibati da kula da kutare ya soma. A ɓangaren Najeriya an buɗe mazaunin kutare na Garkida a 1929, a tuddan Bamenda kuma aka buɗe na Mbingo a 1952, wanda yanzu ya zama babban asibiti.

Magani ya zo sannu a hankali. A Uzuakoli da ke kudancin Najeriya, a ƙarshen shekarun 1940, likita John Lowe ya nuna cewa ana iya shan ƙwayar dapson ta baki, mai araha, ta yi aiki. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma ana ba da su kyauta. Wata 6 ko wata 12, gwargwadon ƙarfin ciwon, mutum ya warke, kuma da ya fara sha ba a jimawa ya daina sa wa wani.

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne gwajin da ma'aikatan kuturta suka yaɗa, don ba ya bukatar na'ura. A ɗauki ɗan kaɗa, ka rufe ido, a shafi tabon a hankali. In ka ji taɓawar kamar yadda kake ji a sauran jiki, da wuya ya zama kuturta. In ba ka ji ba, sai asibiti. Kyasfi kuwa in aka kankare shi da farce yakan yi gari-gari kamar dusa, kuma jin taɓawa yana nan. Da ɗan kaɗa aka wanke mutane da yawa daga zargi. Agana ma an gama da ita, aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 1980. Tabon lamba da ke damtsen iyayenmu shaidar wannan yaƙi ce, ba ya cutar da kowa.

Labarin madubin fata

Tabo mai haske ya sami gwajinsa. Saura baƙi. Tun farkon ƙarni na 19 likitan Faransa René Laennec, wanda ya ƙago abin sauraron ƙirji, ya bayyana wata sankara baƙa mai farawa a fata ta bazu cikin jiki. Ita ce ake kira melanoma. Wahalarta ita ce farkonta yana kama da tawadar Allah, ga shi kusan kowa yana da tawadar Allah. Ba a iya yanke kowane ɗigo, ba a kuma iya ƙyale kowanne. Ina mafita?

Ka taɓa leƙa ruwan Mayo Banyo da rana tsaka? Ƙyallin da ke samansa yana hana ka ganin yashi. In ka kare hasken da hannu, sai ƙasa ta bayyana. Haka fata take, samanta yana mai da haske baya. A 1893 likita Unna na birnin Hamburg ya lura cewa in aka sa mai aka danna gilashi, saman fata yana zama garai-garai. A 1920 wani likita a Jamus, Johann Saphier, ya raɗa wa wannan duba sunan da Turawa ke kiransa da shi har yau, damatoskopi, wato duban fata. A shekarun 1950 Leon Goldman a Amurka ya juya madubin kan tawadar Allah. A 1971 wata likita a Glasgo, Rona MacKie, ta nuna cewa yana taimakawa wajen raba mai lafiya da mugu kafin a kai ga wuƙa. A 1987 likitocin birnin Biyana, su Pehamberger, suka tsara zane-zanen da ake gani bayan sun duba tabo fiye da 3,000.

Duk wannan da manyan na'urori ake yi, waɗanda ba sa barin ɗaki. Sai a 1989, a birnin Munik, aka fito da na hannu, mai kama da tocila, yana ƙara girman abu sau 10. Daga 2001 aka sami mai tace haske, wanda ba ya ko bukatar mai. Yanzu har akwai wanda ake liƙa wa wayar hannu, a ɗauki hoto a aika wa ƙwararre. Dubawar ba allura, ba yanka, ba ta kai shan kofin shayi ba.

Abin da madubin ke nunawa

Babban amfanin madubin nan, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne yawan mutanen da yake sallama su koma gida da kwanciyar rai. Mafi yawan baƙaƙen tabo ba ciwo ba ne. Bari in jera maka su yadda likita ke ganinsu.

Tawadar Allah ta gaskiya tana da tsari. A madubi takan fito kamar saƙar koma, zare daidai, ido daidai, tana dushewa a hankali zuwa gefe. Wata kuma kamar an jera ƙananan duwatsu masu girma ɗaya. In ka raba ta biyu a ranka, wannan gefe ya yi kama da wancan. Launi ɗaya ne ko biyu. Wadda ta yi tudu mai laushi a fuska, har gashi na fita a kanta, tana nan shekara da shekaru, ita ma yawanci lafiyayya ce.

Sai ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin nan da ke fitowa a kumatu da gefen ido da wuya in an fara manyanta, musamman ga iyayenmu mata. Wani likita ɗan Italiya, Aldo Castellani, ya bayyana su a 1925. Gado ne na baƙar fata, ba sa rikiɗa su zama sankara. Babban ɗan'uwansu shi ne tabon tsufa mai kaushi, wanda kamar an manna shi ne a kan fata. A madubi yakan nuna lanƙwashe-lanƙwashe da 'yan ramuka a toshe, kuma bakinsa a yanke yake sarai.

Akwai wani ɗan ƙullutu mai tauri a ƙwauri, sau da yawa inda ƙwaro ya taɓa cizo ko ƙaya ta soka. In ka matse shi ta gefe biyu sai ya lotsa ciki. A madubi tsakiyarsa fari ne kamar tabon ciwo, gefensa da siririyar saƙa. Shi ma ba komai. Akwai kuma ja ko mai launin makuba, wanda madubi ke nuna shi kamar 'yan tafkunan jini a jere. Jijiyoyi ne suka taru, ba launin fata ba ne.

Mugun kuwa rashin tsari ne alamarsa. Saƙar ta tsinke, nan kauri can siriri, launuka sun cakuɗe, baƙi da ruwan ƙasa da toka da shuɗi, wani wuri kamar an shafa farin hazo. A 1985 likitocin Niyok suka taƙaita wa jama'a alamomin da ido ke iya gani ba madubi: gefe biyu ba su yi kama ba, baki ba a daidaita ba, launi fiye da ɗaya, faɗi ya wuce milimita 6, wato ya kai kamar ƙwayar wake ƙarama. A 2004 suka ƙara ta biyar, wadda ta fi sauran nauyi: tabon yana sauyawa.

Tafin ƙafa, inda namu yake

To, a nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Yawancin wannan bincike a kan farar fata aka yi shi, inda rana ke jawo ciwon a baya da fuska. Mu baƙin fatarmu yana kare mu ƙwarai, ciwon bai yawaita a cikinmu kamar su ba. Amma in ya zo mana, yakan zaɓi inda baƙin ya yi ƙaranci: tafin ƙafa, tafin hannu, da ƙarƙashin farce. Binciken da likita Lewis ya wallafa daga Yuganda a 1967 ya nuna haka, kuma abin da asibitocin koyarwa na Najeriya suka yi ta gani ke nan, ƙafa ce kan gaba, masu ciwon kuma suna zuwa a makare.

Dalilin makarar ba ɓoyayye ba ne. Wa ke duba tafin ƙafarsa? Mai bin burtali tun daga Mayo-Darle har kwarin Mbam ƙafarsa ba ta rabuwa da faso da kanta da sartse. In baƙin abu ya fito a dunduniya, sai a ce ƙaya ce ta karye a ciki. A kai wa wanzami ya tona, a ɗaura magani, a ci gaba da tafiya. Sai ya zama gyambo, kaluluwa ta fito a matsematsi, sannan a tuna da asibiti.

Mutanen Japan ne suka buɗe wannan ƙofa, don su ma a ƙafa ya fi kama su. Daga shekarun 1990 likita Toshiaki Saida na jami'ar Shinshu da abokan aikinsa suka gano wata alama mai sauƙin ganewa. Dubi yatsanka, wanda kake dangwalawa a wurin yin katin shaida. Zanen da ke jikinsa kamar gona ce da aka yi wa huɗa, ga kunya ga kwari. Tafin ƙafa ma haka yake. A tawadar Allah mai lafiya, baƙin yana kwanciya a cikin kwari, siraran layuka a jere. A melanoma kuwa baƙin yana hawa kan kunya, layuka masu faɗi, inda ramukan gumi suke. In likita ya yi shakkar wanne ne kwari, sai ya shafa tawada ya goge, wadda ta maƙale ta nuna masa.

Amma ka ji wani abu da ya shafe mu. Baƙar fata da yawa suna da ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a tafin ƙafa da na hannu, da yawa, a ƙafa biyu, tun da daɗewa. Halitta ce, kuma wani lokaci launinsu kan hau kunya ba tare da ciwo ba. Shi ya sa likita ba ya tsayawa kan madubi kaɗai. Zai tambaye ka yaushe ya fito, ko shi kaɗai ne, ko yana ƙaruwa. Jinin da ya kwanta a dunduniya saboda takalmin roba ko doguwar tafiya shi ma yakan yi baƙi. Shi a madubi ja-ja ne, da 'yan ɗigo a gefe, kuma cikin makonni kaɗan yake fita da ɓawon fata.

Farce ma haka. Baƙin layi mai bin tsawon farce abu ne da ya yawaita a manyanmu, sau da yawa a farce fiye da ɗaya, kuma ba komai. Jinin da saniya ta jawo da ta taka ka yana tafiya gaba yayin da farce ke tsiro, har ya fita. Wanda ake tsoro shi ne layi a farce ɗaya tak, galibi babban yatsa, yana ƙara faɗi, yana fasa farcen, ko baƙin ya malalo kan fatar da ke kewaye. Wannan alama ta ƙarshe likitan Ingila Jonathan Hutchinson ya bayyana ta tun 1886.

Kowa a tashar mota ya san Bob Marley. A 1977 aka gano wannan ciwo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, bayan an ɗauka raunin ƙwallo ne. An ba shi shawarar cire yatsan, bai yarda ba. Ciwon ya bazu, ya rasu ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. Kuɗi da suna ba su rage masa komai ba. Tun 1970 wani likita a Amurka, Alexander Breslow, ya nuna cewa zurfin da ciwon ya yi cikin fata shi ke faɗin makomar mai shi. Wanda bai kai milimita 1 ba, in aka cire shi, mafi yawa suna warkewa sarai. Wanda ya nutsa, magana ta sauya. Kamar dai goro ne: sankarar da aka gani da wuri a ware ɗaya, wadda aka bari ta ci huhu.

Biyu da ba za a manta ba

'Yan'uwanmu zabiya lissafinsu daban ne. Su rana ce babbar abokiyar gaba, kuma sankarar da ta fi kama su ba baƙa ba ce. Takan fara da kaushi ko ɗan miki a kunne, leɓe, wuya ko bayan hannu. Malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, da kai kowane miki asibiti da wuri, su ne garkuwa. Yaro zabiya bai dace da kiwon tsakar rana ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu ranar 13 ga Yuni, ana kiyaye ta tun 2015.

Sai masu gangarawa Bankim da bakin ruwan Mape da rani. Yankin an san shi da gyambon Buruli. Farkonsa ƙullutu ne ko kumburi mara zafi a hannu ko ƙafa, daga baya ya fashe ya yi faɗi. Rashin zafin ne ke yaudarar mutane. Yana da magani na makonni 8, kuma wanda ya je da wuri yakan tsira da gaɓarsa.

Abin da ya rage gare ka

Likitocin fata kaɗan ne a Kamaru, yawancinsu kuma suna Yawunde da Duwala, madubin nan ma ba kowane asibiti ke da shi ba. Amma hanya ta fi ta da kusa. Akwai asibitin gwamnati da na mishan a Banyo, akwai Ngaundere da Mbingo, Garwa kuma ta sami jami'arta a 2022, tana koyar da likitoci. Hukuncin ƙarshe ba na madubi ba ne, sai an ciri ɗan nama an auna a ɗakin bincike, irin na cibiyar Pasteur da ke Yawunde tun 1959. Kai da ka yarda a ɗebi jinin saniyarka a auna, ka yarda da allurar da ake yi a Bokle kusa da Garwa, ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka.

Ga abin da za ka iya yi ba ko sisi. Sau ɗaya a wata, ranar kasuwa ko ranar aski, ka wanke ƙafa tas ka duba tafinta da tsakanin yatsu a hasken rana. Inda idonka bai kai ba, ka sa ɗanka ko mai ɗakinka su duba. Ku iyayenmu mata, ku duba kafin ku ƙunsa lalle, don lalle yana rufe abin da ke ƙasa. In kana da waya, ka ɗauki hoton tabon da ƙwayar wake ko kwabo a gefensa, bayan wata ɗaya ko biyu ka sake ɗauka ka gwada.

Tabon da ka sani tun kuruciya, bai sauya ba, ka bar shi. Kada a tsaga shi, kada a ƙona shi da toka ko ruwan batir, don tabon ƙuna yana rikitar da mai dubawa. Amma sabon baƙin tabo a tafin ƙafa ko hannu bayan ka manyanta, ko tsoho da ya soma faɗi, ko ya fita daban da sauran na jikinka, ko yana jini ba ka buge ba, ko miki a ƙafa da ya wuce wata bai warke ba, ko da ja ne ba baƙi ba, wannan kada ka jira dawowa daga mashekari. Ka bar wa ƙanenka sanda ka nemi mota. Kuɗin motar Ngaundere bai kai kuɗin maraƙi ba, ƙafa kuwa ita ce jarin makiyayi da ɗan kasuwa.

Kakanninmu sun ɓoye tabo saboda dubawa tana zuwa da kunya da tilas, magani kuma babu. Yanzu ɗaki ne a rufe, kai da likita, kuma mafi yawan waɗanda aka duba albishir ake yi musu. Hausawa sun ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Ka san naka zanen, domin ranar da baƙo ya shigo cikinsa ka gane shi.

Masu tambaya su aiko ta hannun wakilanmu na kasuwanni kamar yadda aka saba, za mu miƙa wa ma'aikatan lafiya su amsa a fili na gaba. A gai da mutanen ruga, a gai da na tasha. Mu kwana lafiya.